Husufin Rana a Suame: Gilashin Walda, Sahun Masallaci da Tsakar Gida

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar na 1427, inuwar wata ta taso daga gabashin Barazil da hudowar rana, ta ƙetare tekun Atilantika, ta hau tudu a gaɓar Gana jim kaɗan bayan ƙarfe 9 na safe. Takoradi, Cape Coast, Akra, Koforidua da Ho duk sun shiga duhu da hantsi, na wajen minti 3. Daga nan ta ratsa Togo da Binin, ta shiga Najeriya ta wajen Shaki, ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta rufe Maraɗi da Damagaram, ta nausa Sahara. A kan iyakar Cadi da Libiya ta fi daɗewa, minti 4 da daƙiƙa 7. Nisan da fataken goro suke kwashe watanni suna takawa da jakuna tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, inuwar ta shafe fiye da shi a cikin kusan rabin awa.

Kumasi ba ta shiga ciki ba. Faɗin inuwar bai kai kilomita 200 ba, kuma gefenta na arewa ya wuce ta kudu da birnin. Mutanen Suame, Tafo, Aboabo da Asawase sun ga haske ya dushe, iska ta yi sanyi, rana ta koma siririn baka, amma ba ta mutu ɗungurum ba. Kano ma haka ta gani daga ɗaya gefen. Kafin wannan, rabon Gana da cikakken husufi tun 20 ga Mayu 1947, ana zamanin Turawa, shekara 59 ke nan. Ko hakan ma sa'a ce, domin masana sun lissafa cewa wuri guda yakan jira wajen shekara 375 a matsakaici kafin inuwar ta sake bi ta kansa.

Wannan zama a gefe shi ne ainihin sha'anin Kumasi, kuma shi ne abin da ba a cika bayyana wa mutane ba. Wanda yake tsakiyar inuwa yana da 'yan mintocin da zai ɗaga kai ya kalli sama da ido tsirara, ya ga farin rawanin da ke kewaye da rana, ya ga taurari da tsakar safiya, ba abin da zai same shi. Wanda yake gefe ba shi da ko daƙiƙa guda irin wannan. Rana ta fi wata ɗan daren sha huɗu haske sau wajen 400,000. Ko an rufe kashi 99 cikin ɗari, ragowar kashi ɗayan ya kai hasken cikakken wata dubu huɗu a haɗe. Sai ga shi garin ya yi duhu-duhu, ido ya daina ƙyaftawa, baƙin ido ya buɗe, mutum ya ji kallon ba ya damunsa. Nan ɓarnar take faruwa. Mafi yawan mutanen duniya husufin gefe suke gani daga ƙofar gidansu, ba cikakke ba, amma hotunan da ake yaɗawa na cikakken ne.

Yadda abin yake aukuwa ba shi da wuyar fahimta. Rana ta fi wata faɗi sau wajen 400, ta kuma fi shi nisa daga gare mu sau wajen 400, shi ya sa a ido suke zuwa kusan kai ɗaya. Kowane ƙarshen wata, wata yakan bi ta tsakaninmu da rana, sai dai hanyarsa a karkace take da kimanin digiri 5, don haka galibi inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasa da duniya. Idan aka yi dace suka jeru a layi, husufi ya samu. Saboda haka husufin rana ba ya faɗuwa sai a 28 ko 29 ga watan Musulunci, na wata kuma sai a tsakiyarsa, abin da malaman hisabi na soro suka daɗe da sani. Akwai kuma zagayen shekara 18 da kwana 11 da awa 8 wanda husufi yake maimaita kansa a cikinsa, sai dai awa takwas ɗin nan takan gusar da shi yamma da kashi ɗaya cikin uku na duniya. Ƙanen husufinmu na 2006 shi ne wanda Meziko, Amurka da Kanada suka gani a 8 ga Afrilu 2024.

To, me ya sa Suame? Domin duk faɗin Afirka ta Yamma da wuya a sami unguwar da ta fi ta sanin cewa haske yana ƙona ido. Magazin na Suame, wanda ya samo sunansa daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka, yau dandali ne na kanikawa, masu walda, masu buga bodi, masu narka ƙarfe da masu sayar da kayan mota, ana ƙiyasta ma'aikatansa da wajen mutum 200,000. Akwai Asantawa, akwai mutanen arewacin Gana, akwai 'yan Zango, Hausa da Tuwi suna cakuɗe a baki ɗaya. Tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ake kira KNUST, ta buɗe sashen koyar da fasaha a cikin Magazin ɗin. Duk yaron da ya yi wata guda a shagon walda ya ɗanɗana daren da ido yake yi masa kamar an zuba yashi, hawaye na zuba, ba barci. Da safe masta zai dube shi ya ce, "Kai yaro, ba na ce ka kau da kai in na ɗana wuta ba?" Bayan kwana ɗaya ko biyu ido ya washe, a koma aiki.

Wannan sanin yana da amfani, amma yana da yaudara a cikinsa. Ciwon idon walda ƙunar fatar gaban ido ce. Tana da zafi, tana sanar da kanta, kuma fatar takan sake toho da sauri. Ƙunar rana a wani wuri daban take sauka. Ƙwayar ido tana tattara hasken wuri guda, yadda yara suke tara rana da gilashin ƙara girma su ƙona takarda, ta aika shi can ƙuryar ido, kan tantanin da ke ɗaukar hoto, daidai tsakiyarsa inda ake karatu da gane fuska. Wannan tantanin ba shi da jijiyar jin zafi. Mutum zai gama kallonsa lafiya lau, ya ci waake ɗinsa, ya koma ƙarƙashin mota. Sai bayan wasu awoyi, ko washegari, ya ga wani ɗigo ya tsaya a tsakiyar duk abin da ya duba, layi madaidaici ya lanƙwashe, lambar sifana ta ƙi karantuwa. Wasu sukan samu sauƙi cikin watanni, wasu ɗigon ya zauna ke nan. Babu tiyatar da ke gyara shi. Mai walda da ya saba cewa ciwon haske kwana biyu ne, shi ya fi kowa saurin raina wannan.

Amma kuma maganin yana rataye a ƙusa a shagonsa, in an san wanda za a ɗauka. Baƙin gilashin fuskar walda lamba gare shi, a rubuce a gefe. Na walda da gas yakan kasance wajen lamba 5, wanda yake barin kusan kashi ɗaya cikin hamsin na haske ya wuce. Na walda da lantarki da aka fi sayarwa 10 ne ko 11. Lamba 10 tana barin kashi ɗaya cikin wajen 7,000. Lamba 14 kuwa ɗaya cikin wajen 370,000, wato ta fi 10 duhu sau hamsin. Masana ido da na taurari sun yarda da 12 zuwa 14 don kallon rana, 14 ita ce ta kwanciyar hankali. Ƙasa da 12 ba a yarda ba, komai duhun da ido ya gani. Gilashin da lambarsa ta goge, ko ya tsage, ko aka yanko shi daga wani abu, a bar shi a ƙusarsa. Fuskar zamani mai yin duhu da kanta ma ba abin dogaro ba ce, don an gina ta ne ta amsa tartsatsin walda, ba rana ba.

Gaskiya mai ɗaci ita ce da yawa daga yaran Magazin ba su da ko lamba 10 ɗin. Ka zaga ka gani: wani da baƙin tabarau na kwalliya yake walda, wani runtse ido yake yi ya juya fuska. Tabarau na kwalliya yana barin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na haske ya shiga. Gilashin mota mai tinti, wanda ya fi komai yawa a unguwar, bai fi shi ba. Haka fim ɗin hoton asibiti, faifan CD, da kwalbar da aka turara da hayaƙin aci-balbal. Duk sukan rage ƙyallin da ke sa mutum kau da kai, su bar abin da ke ƙonawa. Ni a ganina sun fi ido tsirara haɗari, domin ido tsirara aƙalla yana gudu.

Sai bahon ruwa. Wannan tsohuwar dabara ce daga Kumasi har Katsina: a ajiye ruwa a tsakar gida, yara su kewaye shi su ga rana a ciki. Iyaye mata suna yi ne da kyakkyawar niyya, don kada yaro ya ɗaga kai. Sai dai ruwa yana mayar da wajen kashi 2 cikin ɗari na hasken idan rana tana sama, ya fi haka nesa ba kusa ba idan ta yi ƙasa. Kashi biyu cikin ɗari ya ninka abin da ido zai iya ɗauka sau ɗaruruwa. A zubar da ruwan.

Abin da ya dace da tsakar gida ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi kyau. Ƙa'idar guda ce: a juya wa rana baya, a bar ta ta zana kanta a ƙasa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin tsohon kwano ya san ɗigon hasken da ramin ƙusa yake jefowa kan tabarma. Ramin ko wace siffa gare shi, ɗigon kullum a zagaye yake, domin hoton rana ne. Ranar husufi ɗigon nan zai gutsure, ya rame, ya koma siffar jinjirin wata. A ɗauko gwagwar wanke shinkafa a ɗaga ta sama da farin zane, kowane rami zai ba da nasa jinjirin, ɗari ko fiye a jere. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ba a ma bukatar komai, ganye ne yake yin aikin, ƙasa ta cika da su. Wanda yake son babban hoto ya nemi ɓallen madubin gefen mota, abin da ake takawa a Magazin, ya rufe shi da takarda ya bar rami kamar faɗin ƙwandala ƙarama, ya haska shi kan bangon wani ɗaki mai duhu daga nisan taku goma sha biyar ko ashirin. Mutum talatin za su iya tsayawa su kalla tare, har da tsohuwar da ba ta fita. Sharaɗi kawai kada wani ya leƙa cikin madubin. Tabaran kwali na musamman, masu ɗauke da lambar ISO 12312-2, suna da kyau in an samu na gaske daga hannun da aka sani, amma buga lamba a kwali ba ya gagarar mai jabu. Gwaji mai sauƙi: in ka sa shi ka ga kwan lantarki na ɗaki ko fuskar mutum, ba shi ba ne. Na'urar hangen nesa kuma, ko da tabarau a fuska, ba a ɗora ta a ido a nufi rana.

A Zango, duk da haka, husufi ba kallo ba ne da farko, ibada ce. Kowane ɗalibin soro ya san cewa rana ta yi husufi a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira. Mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuma ya kore wannan zato, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci a yi salla da addu'a da sadaka. Masu lissafin taurari sun gano husufin da ya dace da wannan a 27 ga Janairu 632. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kumasi kamar yadda ake yi a Zariya, ta ware wa sallar babi: raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama, karatu a asirce kuma mai tsawo, kwatankwacin Baƙara a tsayuwar farko. Ta kuma bar ƙofa ga wanda ya so ya yi a gidansa.

Akwai wani abu a nan da ban cika jin ana faɗa ba. Salla mai tsawon nan takan ɗauke manya daga titi, ta sa idonsu a wurin sujada, daidai lokacin da haɗarin kallo ya fi tsanani. Madalla. Amma su wa aka bari a waje? Yara. 'Yan makarantar allo, 'yan firamare, yaran shago da masta ya bar wa jiran kaya. Su ne ke da ido mafi garau, wanda ya fi barin haske ya wuce, su ne kuma masu gasar wa zai fi daɗewa yana kallo. A da, in wata ya yi zazzaɓi, yara sukan fito da gwangwani da ƙwarya suna kaɗawa suna zaga unguwa, kuma babu laifin ido a ciki, don kallon husufin wata ba ya cutarwa ko kaɗan. Matsalar ita ce a ɗauko wannan sabon a kawo shi kan rana. Don haka limamin da zai sanar da sallar husufi a lasifika, ya kamata ya haɗa da jumla biyu kan ido, ya kuma ce a bar wani babba tare da yara. Maganar da ta fito daga masallaci tana isa inda sanarwar ma'aikatar lafiya ba ta kai.

Shiru daga wajen malamai kuwa yana da tsada. A Janairu 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka far wa otal-otal da mashaya suna cewa zunubin da ake yi a ciki ne ya jawo. Shi ya sa kafin na 2006 hukumomi a Najeriya suka yi ta jan kunne tun da wuri. Kumasi gari ne da masallaci da coci suke jingine da juna, a Magazin kuma Musulmi da Kirista sukan kama injin mota ɗaya su ɗaga. Abin da aka san ranarsa da mintinsa shekaru da dama kafin ya zo, ba a ɗora wa maƙwabci alhakinsa. Tsoron Allah da husufi yake tunasarwa kowa kansa ya kamata ya duba da shi. Camfin da ake yi wa masu ciki, cewa jariri zai fito da tabo in uwa ta fita, ba shi da tushe a likitanci. Abin da zai cuci mai ciki shi ne abin da zai cuci kowa, ɗaga kai.

Bayan 2006 Gana ta ga husufin gefe a 3 ga Nuwamba 2013 da 1 ga Satumba 2016. Na gaba da ya shafe mu kai tsaye shi ne na Asabar 6 ga Fabrairu 2027, kuma yana tafe da sarƙaƙiya. Husufin zobe ne: wata zai kasance a nesa, bai isa ya rufe rana duka ba, sai ya bar da'irar wuta kewaye da shi. Layinsa zai taso daga Cile da Ajantina ya ƙare a gaɓarmu, Abijan, Akra, Lome, Kwatano da Legas, daidai faɗuwar rana. Kumasi za ta ga wata ya cinye mafi yawan rana tana gangarawa yamma. A irin wannan babu lokacin cire tabarau ga kowa, ko yana tsakiyar layi. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙurar buji takan mai da rana jan faifai mai daɗin kallo. Ƙura tana rage ƙyalli, amma kaurinta yana sauyawa daga minti zuwa minti, ba wanda zai ba da tabbacin ta isa kariya.

Ranar kuma za ta faɗo a 28 ko 29 ga Sha'aban 1448. Ma'ana, a yammacin da jama'a suka saba hawa bene da tudu suna laluben jinjirin Ramadan a yamma, nan ne rana da kanta za ta ɗauki siffar jinjiri. Wata yana kan fuskar rana a lokacin, zai kuma faɗi tare da ita, don haka babu jinjirin da za a gani a daren. Kwamitin duban wata da ofishin Babban Limamin ƙasa suna da dalili biyu na yin magana da wuri: kare idon masu dubawa, da kare azumin mutane daga shaidar da aka gina kan ruɗani.

Ga kuma mas'alar fiƙihu da gara a zauna a kanta tun yanzu. A mashhurin mazhabar Malikiyya lokacin sallar husufin rana kamar na Idi ne, daga ɗagowar rana zuwa zawali. Na 2006 ya faɗo a tsakiyar lokacin, ba gardama. Na 2027 bayan la'asar zai zo. Shafi'awa suna ganin a yi ta a kowane lokaci tunda tana da sababi, wasu malaman Ahlus Sunna ma a kan haka suke, masu bin mashhurin Malikiyya kuma za su ce a wadatu da addu'a da zikiri da sadaka. Duka maganganun malamai ne na da. Zangon Kumasi ya san yadda ƙaramin saɓani tsakanin masallatai biyu yake zama babba in ya zo ba shiri, kuma wannan yana da ranar da aka sani.

Wata shida bayan husufin Fabrairu, Litinin 2 ga Agusta 2027, cikakken husufi zai bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya da Masar, ya haura minti 6 a Luksor, ya rufe Jidda da Makka. A nan gefe kaɗan za mu samu, in gajimaren Agusta ya bari, amma hoton Ka'aba cikin duhun rana zai cika kowace waya a Zango, tare da fassarori iri-iri. Wanda yake son ya tsaya a cikin inuwar da ƙafarsa ba tare da jirgin sama ba, 20 ga Maris 2034 ce ranarsa, lokacin da za ta sauka a Legas ta ratsa Najeriya zuwa Cadi.

Shirin da Suame take bukata bai kai a kira taron ƙasa ba. Masu shigo da kayan walda su ne za su iya sa odar gilashi lamba 14 da 'yan watanni a gaba, kuma ba asara, don bayan husufi zai yi wa masu walda da wuta mai ƙarfi aiki. Ƙungiyoyin masu sana'a na Magazin suna da shugabanni a kowane yanki, masu iya tara yaransu cikin minti goma. KNUST tana da sashen koyar da duban ido, ɗalibansa za su iya zuwa makarantun Islamiyya da na boko da kwali da madubi. Gidajen rediyon FM masu shirin Hausa suna da masu saurare a kowane shago. Wanda kuma ya wayi gari da ɗigo a tsakiyar ganinsa, kada ya ɗiga wani abu a ido, kada ya jira ya wuce kamar na walda. Sashen ido na asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana Bantama, mota ɗaya daga shataletalen Suame.